Ƴaƴan Wa Suka Shiga Makarantun Gwaji?

Wanda duk ya ke son sanin matsayin wata makaranta a idon jama'a, sai ya buɗe littafin rajistarta ya duba ƴaƴan wa aka rubuta a ciki. Da wannan ma'auni za mu auna makarantun gwaji na ƙasar Nijar, muna la'akari da karkarar Tasawa da Mayahi, inda Kanan-Bakashe ta ke.

A zamanin Turawa, lakkwal ba abin so ba ce. Kwamandan ya kan yanka wa sarkin kanto adadin yaran da zai kawo, sau da yawa kuma masu hali su ɓoye nasu, a tura ƴaƴan talakawa da na barori. Har zuwa samun mulkin kai a 1960, yaran da ke makaranta a ƙasar ba su kai kashi 5 bisa 100 ba, ƴan mata kuwa ƙalilan ne ƙwarai.

A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda a ke fara karatu da Hausa. Daga baya aka ƙara da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci, hukumar INDRAP kuwa ita ke shirya littattafai. Tsarin shi ne yaro ya yi shekara uku yana koyo da harshen uwa, Faransanci na shigowa sannu a hankali har ya zama harshen koyarwa. Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna cewa waɗannan yara ba su gaza takwarorinsu ba, sau da dama ma sun fi su.

Duk da haka, bayan fiye da shekara ashirin makarantun ba su wuce wajen arba'in ba, kuma ma'aikata da yawa ba su yarda su kai ƴaƴansu ciki ba. Dalili a fili ya ke: jarrabawar shiga kwaleji da karatun kwalejin kansa duk da Faransanci a ke yin su. Uba kuwa ƙarshen hanya ya ke dubawa kafin ya ba da ɗansa.

Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa matsayi a koyarwa, a 2025 kuma aka ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa. Amma a wuri kamar Kanan-Bakashe, inda ɗan manomi Bahaushe ke zama aji ɗaya da ɗan Fulani da ɗan Buzu, jimillar ɗalibai kaɗai ba ta isa mai tsara aiki ba. Wajibi ne rajista ta nuna harshen gidan kowane yaro, da sana'ar uban, da yawan ƴan mata, da kuma nawa daga cikinsu suka kai kwaleji. Sai da wannan ne za a gane ko iyaye sun karɓi makarantar da zuciya ɗaya.