TAƘAITACCEN TARIHIN HIDIMAR JINƘAI A IKKILISIYOYIN AREWA

Yayin da muke murnar cikar ikkilisiyarmu shekara hamsin, ya dace mu waiwayi wani sashe na tarihin masu bi wanda ba a cika rubuta shi ba. Mun saba jera sunayen fastoci da shekarun da aka gina majami'u. Amma su wane ne suka ciyar da mayunwata, suka yi jinyar marasa lafiya, suka ba marasa gida wurin kwana? Yawancinsu talakawan masu bi ne waɗanda ba su karɓi ko kwabo ba.

Tushen wannan aiki yana cikin Littafi Mai Tsarki. A Ayyukan Manzanni sura 6 an zaɓi mutum bakwai domin rabon abinci ga gwauraye. A sura 9 mun ga Tabita ta Yafa mai ɗinka wa matalauta tufafi. A sura 11 kuma masu bi na Antakiya sun aika gudummawa zuwa Yahudiya saboda yunwa. Tun farko ke nan hidimar ta haɗa na kusa da na nesa.

ZAMANIN MISHAN

Sa'ad da Turawan mishan suka zo ƙasarmu, magani ya zo tare da bishara. Mishan ta SUM ta buɗe asibitin Vom a 1922. Mishan ta 'Yan'uwa, wadda ta sauka a Garkida a 1923, ta kafa mazaunin kutare a can a 1929. A wajen 1937 hukumomin En'e suka yarda mishan ta SIM ta kula da mazaunan kutare na Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a lardin Sakkwato. Asibitin ido na Kano ya biyo baya a 1943, makarantar makafi ta Gindiri kuwa a 1953.

A wancan zamani wanda kuturta ta kama yakan rasa gida da dangi gaba ɗaya, bara ce kaɗai ta rage masa. Likitocin mishan kuwa ba su da yawa. Masu wanke gyambo, da masu ɗaure miki, da masu koyar da karatu a waɗannan wurare 'yan ƙasa ne, da dama a cikinsu ma tsofaffin majinyata ne da suka sami sauƙi suka zauna domin taimakon waɗanda suka zo a bayansu. Daga cikinsu Ubangiji ya ta da masu bishara.

Mata ma ba su zauna ba. Zumuntar Mata ta kafu tun zamanin mishan, ita ce kuma ta koya wa ikkilisiya hidimar yau da kullum: kai ruwa da itace gidan mai jego, zaman jinya a asibiti, tara hatsi domin gwauraye da marayu, da dafa abinci a gidan makoki. Mudu ɗaya daga wannan, rabin mudu daga waccan, sai buhu ya cika.

Aikin ya ƙetare iyaka zuwa Jamhuriyar Nijar. An buɗe asibitin Galmi a 1950. A lokacin yunwar 1984, ma'aikatan SIM a yankin Maraɗi sun raba hatsi ga manoman da suka yarda su bar kututtukan itatuwa su sake toho a gonakinsu. Ɗaya daga cikin ma'aikatan shi ne Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya. Dabarar ta bazu, itatuwa suka dawo a gonakin da suka zama fako.

SA'AD DA NAUYIN YA DAWO KANMU

Shekarun 1970 sun kawo babban canji. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, ta tsaya da ƙafarta a 1972. A 1976 SIM ta miƙa ayyukanta ga ECWA. A cikin waɗannan shekaru gwamnatocin jihohi suka karɓi yawancin makarantu da asibitocin mishan, Turawa kuma suka fara raguwa. A daidai wannan zamani ne aka haifi ikkilisiyarmu. Iyayenmu sun gāji aikin ba tare da kuɗin waje mai yawa ba, sai baiko, da zakka, da ƙarfin jikinsu.

Birane suka cika, talauci kuma ya sake kama. A Jos aka buɗe Gidan Bege domin yaran da suke kwana a kan titi, a ba su abinci da makwanci da makaranta. A 1996 Dokta Chris Isichei ya fara aikin Faith Alive a Jos ɗin, inda ake duba marasa hali kyauta, likitoci da nas-nas suna ba da lokacinsu.

GWAJIN 2014

Babban gwaji ya zo a 2014. A watan Afrilu aka sace 'yan mata 276 a makarantar Cibok, yawancinsu 'ya'yan EYN. A ƙarshen Oktoba 'yan Boko Haram suka kama Mubi da hedkwatar EYN a Kwarhi, shugabannin ikkilisiyar suka koma Jos na ɗan lokaci. Dubban mutane suka tsere da ƙafa, waɗansu zuwa Yola, waɗansu suka haura duwatsu zuwa sansanin Minawao a Kamaru.

Mafi yawan 'yan gudun hijirar ba a sansanin gwamnati suka sauka ba, a gidajen mutane ne. Mai ɗaki biyu ya shimfiɗa tabarmi har tsakar gida, tukunyar mutum shida ta koma ta ciyar da unguwa. A Yola, Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar majami'ar Katolika ta St. Theresa ga dubban mutane, Kirista da Musulmi. A 2021 aka buɗe gidaje 86 da ikkilisiyar Katolika ta gina musu a Sangere-Marghi, har da masallaci domin Musulmin da ke cikinsu. Daga Amurka kuma Ikkilisiyar 'Yan'uwa ta tara gudummawa ta aiko, ta kuma aiko masu aikin sa kai, kamar yadda Antakiya ta yi wa Yahudiya.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Tarihin nan ya nuna mana abu guda. Gwamnati ta karɓi asibitoci, Turawa sun koma ƙasarsu, an ƙone majami'u, amma hidimar ba ta tsaya ba, gama tana hannun masu bi waɗanda suke ba da abin da suke da shi. Hatsarin da ke gabanmu shi ne mu bar ta ga kwamiti, ko mu jira ƙungiyoyin waje, muna zuba dukan ƙarfinmu a kan gini.

Saboda haka, 'yan'uwa, bari kowane sashe na ikkilisiya ya duba littafinsa. Dattawa su ga nawa ne daga baikonmu yake kaiwa ga matalauta. Zumuntar Mata ta jawo 'yan mata a jiki su koyi aikin. Matasa su san hanyar asibiti, da gidan yari, da tashar mota inda yara suke kwana. Gwauruwar da ke zaune kusa da kai a sujada, ka san ko ta ci abinci jiya?

Ubangiji wanda ya riƙe mu shekara hamsin, ya ba mu alherin ci gaba da wannan hidima. Amin.