Tarihin Gudanar da Manhajar Kasuwanci daga Kwamfutar Tsakiya

Tsarin ɗora manhajar kasuwanci a kan kwamfuta guda, ma'aikata su riƙa shiga cikinta daga nesa, ya girmi intanet, kuma tsada ce ta haife shi. A ƙarshen shekarun 1950 kwamfuta ɗaya kan cika ɗaki, sayenta kuwa sai gwamnati, jami'a ko hamshaƙin kamfani. A 1961 Fernando Corbató da abokan aikinsa a jami'ar MIT ta Amurka suka gwada CTSS, tsarin da ke gutsuttsura lokacin na'urar tsakanin masu amfani da ita, har kowa ya zaci shi kaɗai take yi wa aiki.

'Yan kasuwa kuwa damuwarsu daban ce: suna son littafin lissafi ɗaya tak wanda kowane reshe zai duba. Kamfanin jiragen sama na American Airlines ya daɗe yana rubuta ajiyar kujeru a kan katuna, ana tabbatarwa ta wayar tarho, abin da kan jawo jinkiri da sayar wa mutum biyu kujera ɗaya. Shi ya sa ya haɗa gwiwa da IBM suka gina SABRE, wanda ya kankama a 1964. Kwamfutocin suna Briarcliff Manor a jihar New York, masu sayar da tikiti a garuruwa kuma suna isa gare su ta layukan tarho. Bankuna da kamfanonin inshora suka bi sahu, musamman bayan fitowar na'urar IBM 3270 a 1971, wadda ba ta wuce allo da madannai ba. Duk lissafin a can cibiya ake yin sa.

Fitowar ƙaramar kwamfutar IBM a 1981 da manhajar Lotus 1-2-3 a 1983 ta juya akalar. Kowane akawu ya samu tasa a kan tebur, amma sai alƙaluman wannan su saɓa da na wancan, kuma duk sabuntawa sai an bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya.

Wannan wahala ce ta dawo da tsohon tsari cikin sabuwar riga. Ed Iacobucci, tsohon injiniyan IBM, ya kafa Citrix a 1989, a 1995 kuma kamfanin ya fitar da WinFrame, mai ba mutane da yawa damar aiki da Windows a kan kwamfutar tsakiya ɗaya, wato sabar, a lokaci guda. Microsoft ya karɓi lasisin fasahar, ya fitar da Windows NT 4.0 Terminal Server Edition a 1998, tare da ƙa'idar sadarwa ta RDP. Dabarar ba ta da sarƙaƙiya: manhaja da bayanai ba sa barin sabar, hoton allo kawai ake aika wa ma'aikaci, shi kuma abin da ya danna ne ke komawa. Don haka tsohuwar kwamfuta da layi marar ƙarfi ma sun wadatar.

A Najeriya bankuna ne suka fi nuna wa jama'a amfanin tara bayanai wuri guda. A da sai mutum ya je reshen da ya buɗe asusu kafin ya ciri kuɗi. Yanzu kowane reshe zai biya shi, muddin akwai netwok.

Daga baya sabar kanta ta bar ofis. Salesforce ya fara a 1999 yana ba da hayar manhaja ta intanet, Amazon kuma ya soma ba da hayar sabar a 2006. Sai dai ƙofar da ma'aikaci ke bi ita ɓarawo ke nema. Masu kulle bayanai don neman kuɗin fansa sun sha shiga ta RDP da aka bari a buɗe da kalmar sirri mai sauƙi, kuma a 2019 ɓarakar da aka kira BlueKeep ta sa Microsoft ya fitar da gyara har ga Windows XP da ya riga ya daina kula da ita. Da annobar korona ta rufe ofisoshi a 2020, kamfanoni masu yawa ta hanyar shiga sabar daga nesa suka ci gaba da aiki daga gidajen ma'aikatansu.