Zoben Saitin Bindigar Kakana

Bindiga ta riga Turawa isowa ƙasar Gumel, domin kafin 1903 mayaƙan Damagaram sun sha kawo hari da ita. Sai dai waccan ta ɗuri ce, hayaƙinta ya fi saitinta yawa. Saiti na sosai, a gidanmu dai, daga Bama ya zo. Kakana ya yi yaƙi can a 1944, inda ya riƙe Lee-Enfield lamba 4, wadda Ingila ta karɓa a 1941, mai ɗan zoben saiti dab da idon maharbi.

Da tsufa ya kama shi a Gagarawa, idonsa ya kasa haɗa tsagar saiti da tsinken bakin bindiga da barewa a lokaci guda. Sai ya tuna zoben: ta ƙaramin huji hazo kan ragu, ido kuma da kansa yake neman tsakiya. Ya kai tsohuwar bindigarsa ta farauta, mai sakata, wurin wani maƙeri a kasuwar Maigatari. Alhamis uku ana goga ƙarfe, shi kuwa yana gwaji da ƙoƙo a jikin kuka.

Kafin saitin ya daidaita a ransa, gonaki sun cinye dajin wajen Sule Tankarkar, barewa ta yi wuya. Ƙoƙon mai huji uku yana rataye a zaurenmu har yau.