Annabelle: 'yar tsanar tsumma da ta tara dala miliyan 257

Jama'a, ga zare a kan Annabelle. Da yawanmu mun kalli fim ɗin, wasu har suka kwana da fitila a kunne. Amma tarihin yadda aka yi 'yar tsana ta zama jari, ni ya fi fim ɗin ɗaukar hankalina. Ku gyara zama. 🧵

Da farko, Annabelle ta gaskiya ba ta yi kama da ta fim ba ko kaɗan. Babu farar fuskar nan mai kama da tangaran, babu wannan murmushin mugunta. 'Yar tsanar tsumma ce irin wadda ake kira Raggedy Ann: gashin jan zare, hanci mai kusurwa uku, fuska a sake. Wani mai zane, Johnny Gruelle, ya yi mata rajista a 1915, aka yi ta sayar da irinta ga yaran Amurka shekara da shekaru. In ka gan ta a kasuwa, ƙanwarka za ka saya wa.

To ina aljani ya shigo?

Labarin ya ce a 1970 wata uwa ta saya wa 'yarta, ɗalibar aikin jinya mai suna Donna, wannan 'yar tsana. Wai sai a bar ta a kan gado a dawo a tarar da ita a wani ɗakin. Wai ana tsintar takardu da rubutun yara ana neman taimako. Suka kira mai da'awar magana da matattu, aka ce musu ruhin wata yarinya ce 'yar shekara 7, Annabelle Higgins, take neman wurin zama. Tausayi ya kama su, suka ce ta zauna.

Ku lura da yawan "wai" ɗin da nake sawa, da dalili.

Daga nan Ed da Lorraine Warren suka shigo, mata da miji 'yan Katolika daga jihar Connecticut, waɗanda tun 1952 suka kafa ƙungiyar binciken abubuwan ɓoye. Suka ce babu wata yarinya, shaiɗani ne ya fake da 'yar tsana yana neman jikin mutum. Suka ɗauke ta suka kai gidansu a garin Monroe, suka kulle a akwatin gilashi, suka manna gargaɗi kada kowa ya buɗe. Sannan suka riƙa nuna ta ga baƙi.

Matsalar ita ce duk wannan labari daga bakin Warren ya fito. Su suka ba da shi a laccocinsu, kuma shi ne a littafin The Demonologist na Gerald Brittle da ya fito a 1980, wanda shi ma daga hira da su aka rubuta shi. Mai kaya shi ne mai shaida.

Ga wani abin kuma. A 1963, shekara 7 kafin zancen Donna, shirin talabijin na The Twilight Zone ya nuna wani kashi mai suna Living Doll: uwa ta saya wa 'yarta 'yar tsana, 'yar tsana ta zama makashiya. Sunan uwar a shirin? Annabelle. Masu shakka sun daɗe suna nuna wannan. Ni dai ban ce komai ba. 😅

A 1997 wasu masu bincike biyu, Steven Novella da Perry DeAngelis, sun bi diddigin hujjojin Warren, hotuna da bidiyo da sauransu. Suka ce mutanen kirki ne a mu'amala, amma ba su ga hujja ko ɗaya da ta tsaya da ƙafarta ba. Kuma kafin wani ya shigo mini ƙasan zaren nan: ban ce babu aljanu ba. Yarda da samuwarsu daban, gaskata duk wanda ya ce ya kulle ɗaya a gilashi daban.

Yanzu mu zo kan kuɗi, inda labarin yake da daɗi.

A 2013 James Wan ya fitar da The Conjuring a kan dala miliyan 20, ya tara sama da miliyan 300. Annabelle 'yan mintoci kawai ta samu a fim ɗin, ba ita ce labarin ba. Amma ita mutane suka fito sinima suna zance. Kamfanin New Line ya gane, ai ga wata gona nan ba a noma ba.

Shekara guda kacal, a Oktoban 2014, sai ga Annabelle. Darakta John R. Leonetti, wanda shi ya riƙe kyamara a The Conjuring. Kuɗin da aka kashe: dala miliyan 6.5. A Hollywood wannan kuɗin cefane ne, akwai jaruman da su kaɗai sun fi haka a fim ɗaya.

Yadda aka yi arhar shi ne abin koyo. Babu babban jarumi. Kusan komai a cikin gida yake faruwa. Kuma ita 'yar tsanar kusan ba ta motsi. Ku tuna Chucky na Child's Play, 1988: yana gudu, yana zagi, yana riƙe wuƙa, sai da aka haɗa injina da masu sarrafa shi da yawa, fim ɗin ya ci kusan miliyan 9 a kuɗin wancan lokacin. Annabelle kuwa ajiye ta ake yi a kujera, a kafa mata kyamara, a yi shiru. Kai mai kallo kai kake yin sauran aikin, kana jira ta ƙifta ido. Ba ta ƙiftawa. Keken ɗinki ne zai tashi da kansa cikin dare, lifta ta ƙi barin ƙasan bene, kiɗa ya daki kunne. Duk abubuwan da ba sa cin kuɗi.

Labarin fim ɗin kansa, Mia mai ciki da mijinta John da 'yan ƙungiyar asirin da suka faɗo musu gida a Kalifoniya, ƙirƙira ce daga farko har ƙarshe. Ko a labarin Warren babu su. Amma an buɗe da ɗaliban jinyar nan suna ba da labari, an rufe da rubutu cewa 'yar tsanar tana nan a kulle, limamin coci yana zuwa yi mata addu'a sau biyu a wata. Wannan rubutun, a ganina, ya fi kowane jarumi aiki a fim ɗin.

Af, jarumar da ta fito a Mia sunanta na gaskiya Annabelle Wallis. Wannan kam dacewa ce kawai.

Masu sharhi sun yi masa kaca-kaca, a Rotten Tomatoes ko kashi 30 bai kai ba. Ni ma gaskiya ban ɗauke shi fim mai kyau ba, Annabelle: Creation na 2017 ya fi shi nesa ba kusa ba. Amma a ƙarshen makon farko ya tara miliyan 37 a Amurka, kafaɗa da kafaɗa da Gone Girl da aka kashe wa miliyan 61. A duniya baki ɗaya, kusan miliyan 257. Ku lissafa, kusan ninki 40. A Faransa har wasu sinimomi suka janye shi saboda hargitsin matasa a cikin zaure.

Ed ya rasu a 2006, Lorraine a 2019, a shekarar kuma aka rufe gidan nunin saboda dokar unguwa ba ta yarda da irin wannan harka a gidan zama ba. Amma kasuwa ba ta tashi ba. A Agustan 2020 aka yaɗa cewa Annabelle ta tsere, har sai da surukinsu Tony Spera ya yi bidiyo yana nuna ta zaune a akwatinta. A 2025 aka zaga da ita garuruwan Amurka, mutane na sayen tikiti don su gan ta. Ɗaya daga cikin masu rakiyarta, Dan Rivera, ya rasu a Gettysburg a watan Yuli, intanet ta ɗauka da ihu. Sakamakon binciken gawa ya ce ciwon zuciya ne, amma wannan bai yawo kamar na farkon ba.

Bayan 'yan makonni, ɗan barkwanci Matt Rife ya sanar cewa shi da abokinsa sun sayi gidan Warren, kuma su ne masu kula da Annabelle na shekara 5. Shirinsu a lokacin shi ne a buɗe gidan, ka biya kuɗi ka kwana a ciki.