Hatimin da bai karantu ba

A ƙarni na 19, in takarda ta taso daga Sakkwato zuwa fadar Sarkin Zamfaran Anka, ko Sarkin Mafaran Gummi, ko Sarkin Dankon Bukkuyum, kafin a ji abin da ta ƙunsa sai an san daga ina ta fito. Malamin fada zai warware ta, ya ƙura wa hatimi ido: tambarin tawada ne a saman takarda, da sunan Sarkin Musulmi cikin Larabci. Sannan a dubi manzon, ko fuska ce da fadawa suka sani. Sai an gamsu umarni zai gangara ƙauyuka irin su Dareta, da baki.

A Sakkwato, gidan Waziri ne cibiyar aikin wasiƙu tun zamanin Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Da Turawa suka ci Sakkwato a Maris 1903, sun tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari, waɗanda H.F. Backwell ya buga fassararsu a 1927.

Amma takardar da ta fi kowace tayar da ƙura ba a gidan aka same ta ba. Lugga, shugaban Turawan, ya ce wajen Mayun 1902 wasiƙa ta iso masa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman, mai cewa babu abin da ke tsakaninsu sai yaƙi, kuma ya kafa hujjar yaƙar Sakkwato da ita. A kan fassarar Turancin an rubuta cewa hatimin bai karantu ba. A 1964 D.J.M. Muffett, tsohon jami'in mulkin mallaka, ya fito fili yana shakkar takardar, ganin ba a iya nuna asalinta na Larabci ba. Da wuya malamin fadar Anka ya bari irin wannan ta wuce shi.

Imel ma haka ya taso, ba hatimi. Tsarin aika shi na 1982 ya bar kowa ya liƙa sunan da ya ga dama, 'yan damfara kuwa suka samu abin nema. A 2007 aka tsayar da DKIM: kwamfutar mai aikawa ta buga sa hannu na lissafi, ta mai karɓa ta gwada shi da mabuɗin da mai adireshin ya wallafa. In an taɓa saƙon a hanya, lissafi ba zai yi daidai ba. Daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka wajabta shi a kan masu aika saƙonni da yawa, a Gmail daga 5,000 a rana.