Tarihin Jiragen Enterprise a Star Trek: Saɓanin Shekaru da Yadda Ake Daidaita Su

Enterprise sunan jerin jiragen sararin samaniya ne a cikin Star Trek, ƙagaggen labarin kimiyya na ƙasar Amurka wanda Gene Roddenberry ya ƙirƙira, tashar NBC kuma ta fara nuna shi ranar 8 ga Satumba, 1966. Bisa jadawalin da ake bi a yau, jirgin da ya fi shahara, mai lamba NCC-1701, ya fara aiki a shekarar 2245, ya tarwatse a 2285. Bayansa aka yi magada masu wannan lamba da ƙarin harafi: A a 2286, B a 2293, C wanda aka rasa a yaƙin Narendra III a 2344, D daga 2363 zuwa 2371, sai E a 2372. Gabaninsu duka akwai NX-01 na 2151.

Wannan jadawali bai zo tare da labarin ba. Daga baya aka gina shi, da maganganun da marubuta daban-daban suka sa a bakin 'yan wasa cikin shekaru fiye da hamsin, kuma da yawa daga cikin maganganun sun yi hannun riga da juna. Daidaita su ya zama aiki mai zaman kansa, wanda ma'aikatan shirin da marubutan littattafai da masu kallo suka yi tarayya a cikinsa.

Inda shekarun suka fito

Shirin farko da gangan ya ƙi faɗin shekarar da labarinsa ke faruwa. An ƙirƙiro wata ƙidayar kwanaki ta taurari, lambobi huɗu da ɗigo, wadda kyaftin ke karantawa a farkon kowane kashi, kuma ba a ɗora ta a kan wata kalanda ba. Da yake ba a nuna kashe-kashen bisa jerin da aka ɗauke su ba, lambobin kan yi gaba su dawo baya. Wurare kaɗan da aka yi nuni ga zamani ma ba su jitu ba. A “Space Seed” na 1967, an ce wa wani mutum mai suna Khan ya yi barcin kimanin ƙarni biyu tun da jirginsa Botany Bay ya bar duniya a 1996, wato labarin yana kusa da 2200. A “The Squire of Gothos” na wannan shekarar kuwa, an nuna cewa zamanin Napoleon ya wuce da shekara 900, abin da zai kai labarin wajen 2700.

Fim na biyu, The Wrath of Khan na 1982, ya buɗe da rubutun da ke cewa ana cikin ƙarni na 23. Amma tabbatacciyar shekara ba ta fito ba sai a 1988, a kashin “The Neutral Zone” na shirin The Next Generation, inda wani ma'aikacin jirgi mai suna Data ya ce ana cikin 2364. A kan wannan turke Michael Okuda, mai zana allunan na'urorin shirin, da matarsa Denise suka ɗaure littafinsu Star Trek Chronology na 1993. Hanyarsu ita ce ta masu tarihin sarauta: a kama shekara guda da aka tabbatar, a riƙa cire tsawon zamanin kowa ana komawa baya. Ga shirin farko kuma suka sa ƙa'ida mai sauƙi, a ƙara shekara 300 a kan shekarar da aka nuna kashi. Kashin 1967 ya zama na 2267. Ƙa'idar ba ta fito daga cikin labari ba, zaɓi ne na marubuta, amma ta zauna daram har shirye-shiryen baya suka riƙa ɗaukar shekarunta.

Ashirin ko arba'in

Saɓanin da aka fi ta da jijiyar wuya a kansa yana cikin fim na uku, The Search for Spock na 1984. Admiral Morrow ya shaida wa Kirk, jagoran jirgin, cewa ba za a gyara Enterprise ba, za a jingine shi, domin ya shekara ashirin. Lissafi daga abin da aka riga aka nuna bai yarda da haka ba. Kashin “The Menagerie” na 1966 ya ce tafiyar jirgin zuwa Talos IV a ƙarƙashin Kyaftin Christopher Pike ta faru shekara 13 kafin nan. Khan kuma a fim na biyu ya ce shekara 15 ke nan da Kirk ya yasar da shi. Waɗannan biyu kaɗai sun ba da 28, tun ba a sa shekarun da jirgin ya yi kafin Talos ba. A jadawalin Okuda shekarunsa 40 cif.

An kawo mafita iri-iri. Wasu sun ce Morrow yana ƙirgawa ne daga babban garambawul ɗin da aka nuna a fim na farko na 1979, wanda ya ɗauki wata 18, har Kyaftin Decker ya ce jirgin kusan sabo ne fil. Wannan ba ta tsaya ba, domin tsakanin garambawul ɗin da 2285 shekara goma da 'yan kai ne kawai. Wasu sun ce daga ranar da Kirk ya karɓi jirgin yake ƙirgawa, 2265, kuma nan lissafin ya faɗa daidai a kan ashirin. Sai dai babu hafsan da zai auna tsufan ƙarfe da zamanin kyaftin. Mafi gaskiyar bayani yana wajen labarin. An ɗauki gwajin farko na shirin, “The Cage”, a 1964, fim ɗin kuma ya fito a 1984. Ashirin ɗin shekarun Star Trek ne a idon masu kallo. Saboda haka mafi yawan masu jadawali suka bar maganar a matsayin kuskuren Morrow, wanda shi ne gyara mafi ƙarancin ɓarna: mutum guda ya yi tuntuɓen harshe, sauran tarihi bai motsa ba.

Shekara 15 ta Khan ma ba ta cika ba. Daga 2267 zuwa 2285 shekara 18 ne. Abin da ya hana a matso da fim ɗin zuwa 2282 shi ne kwalbar giyar Romulan, wata al'umma ta wata duniya, da likita McCoy ya kawo wa Kirk, wadda aka karanta shekararta a fili, 2283.

Kyaftin na farko ya daɗe a rataye. Robert April shi ne sunan da Roddenberry ya rubuta a takardar neman amincewa ta 1964, lokacin da jirgin ma sunansa Yorktown. April bai fito ba sai a shirin zane mai motsi, a kashin “The Counter-Clock Incident” na 1974, inda aka ce shi ya fara jan Enterprise. A ƙarshen shekarun 1980 ofishin Roddenberry ya cire shirin zanen daga ingantaccen labari, sai April ya zama mutumin da littattafai suka sani amma allo bai tabbatar ba. Shirin Discovery ya nuna sunansa a wani jerin kyaftin-kyaftin a 2017, shirin Strange New Worlds kuma ya kawo shi da jikinsa a 2022, Adrian Holmes yana taka rawar.

Shi kansa littafin Okuda an taɓa shi. Ya sa tafiyar Kirk ta shekara biyar daga 2264 zuwa 2269, fim na farko kuma a 2271. A 2001 wani yaro ɗalibi a shirin Voyager, kashin “Q2”, ya ce tafiyar ta ƙare a 2270. Da yake ƙa'idar kamfanin da ya mallaki shirin ita ce abin da aka nuna a allo ya rinjayi abin da aka buga a littafi, jimla ɗaya ta tura tafiyar gaba da shekara guda, ta tura fim na farko zuwa wajen 2273, tunda a cikinsa an ce Kirk ya yi shekara biyu da rabi bai ja jirgi ba.

Lambobin rajista

Matt Jefferies, wanda ya zana jirgin, matuƙin jirgin sama ne. Ya ɗauko NC daga rajistar jiragen farar hula ta Amurka ya ƙara C, ya kuma guje wa alƙaluma irin 3 da 6 da 8 saboda suna rikiɗewa a talabijin. Daga baya ya bayyana 1701 da cewa ƙira ta 17, jirgi na farko. Da an bi wannan, duk 'yan'uwan Enterprise sai su kasance a jerin 1700.

“The Doomsday Machine” na 1967 ya karya tsarin. Ana buƙatar jirgi ɗan'uwa wanda ya sha wuta, kuɗi kuma babu, sai aka sayo ƙaramin Enterprise na roba irin wanda kamfanin AMT ke sayar wa yara su harhaɗa, aka babbaka shi. Takardar lambobin da ke cikin kwalin 1, 7, 0, 1 kawai gare ta. Aka jujjuya su, Constellation ya fito da NCC-1017, ƙasa da lambar Enterprise da kusan 700. Masu daidaitawa suka ce tsohon jirgi ne da aka sake wa ƙira, ko kuma ya gaji lambar wani da ya gabace shi don girmamawa.

A kashin “Court Martial” an ga allo a bangon ofishin wani kwamanda ɗauke da lambobi ba sunaye. A shekarun 1970 wani mai kallo, Greg Jein, ya rubuta maƙala a mujallar masoya shirin mai suna T-Negative, ya haɗa lambobin da sunayen jiragen da aka sani. A 1975 Franz Joseph ya buga Star Fleet Technical Manual da nasa jerin, wanda ya bi 1700 a jere. Jerin biyu suka yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa shekara da shekaru. Jein ya zama mai ƙera jiragen ɗaukar fim na shirin, iyalan Okuda suka ɗauki lambobinsa a kundinsu na 1994, kuma da aka sabunta hotunan shirin farko da kwamfuta daga 2006, lambobinsa aka manna wa jiragen. Hasashen mai kallo ya shiga allo bayan shekara talatin da 'yan kai. Yamato, ɗan'uwan Enterprise-D, an kira lambarsa NCC-1305-E a 1988, aka nuna ta NCC-71807 a 1989, ta biyun aka riƙe.

Jirgin da aka cusa a gaba

Shirin Enterprise na 2001 ya koma ƙarni na 22 ya kawo NX-01 da Kyaftin Jonathan Archer. Matsalar ita ce fim na 1979 ya nuna bango mai hotunan jiragen da suka taɓa ɗaukar sunan, har da jirgin ruwan yaƙi da kumbon hukumar NASA wanda aka raɗa wa Enterprise a 1976 bayan wasiƙun masoya shirin, kuma babu NX-01 a ciki. Amsar da aka bayar tana da ƙarfi. Na farko, bangon bai ce ya ƙare jerin ba. Jiragen ruwan Amurka masu wannan suna ma sun fi waɗanda aka rataye yawa. Na biyu, an kafa Tarayyar Duniyoyi ne a 2161, NX-01 kuwa jirgin mutanen duniya ne kafin tarayya, don haka duk inda aka ƙirga jiragen Tarayya masu sunan Enterprise ba ya ciki. Abin da ya fi wuyar gyara shi ne fasaha. A “Balance of Terror” na 1966 Spock, mataimakin Kirk, ya ce yaƙin da aka yi da Romulan ƙarni guda baya da makaman nukiliya na gargajiya aka yi shi, ɓatar da jirgi daga gani kuma a wurinsa hasashe ne. Amma a 2002 ma'aikatan Archer sun ga jirgin Romulan yana ɓacewa a gabansu.

Enterprise-A ya bar tasa tambayar: me zai sa a jingine jirgi bayan shekara bakwai kacal? Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne tsohon jirgi ne aka sauya wa suna. An danganta wa Roddenberry cewa Yorktown ne, wani littafi na 1987 kuma ya ce Ti-Ho.

Batun injiniya Scott ya nuna yadda irin wannan tufka da warwara ke aukuwa ko a hannun mutum guda. A “Relics” na 1992, da aka ceto shi bayan shekara 75 a maƙale cikin na'urar ɗauke mutane, ya ji sunan Enterprise sai ya zaci Kirk ne ya zo nemansa. A fim ɗin Generations na 1994 kuwa, Scott yana cikin Enterprise-B ranar da aka ɗauka Kirk ya mutu, shekara guda kafin shi ya ɓace. Ronald D. Moore ne ya rubuta na farkon, yana kuma cikin marubutan na biyun. An tsara wurin ne don Spock da McCoy, 'yan wasan suka ƙi fitowa, aka miƙa shi ga Scott da Chekov. Masu kallo suka ce ruɗewar wanda ya farka daga dogon suma ce, kuma hankali yana ɗauka.

Raba hanya da sauya siffa

Fim ɗin J. J. Abrams na 2009 ya bi wata hanya dabam. Jirgin Romulan mai suna Narada ya faɗo daga gaba zuwa 2233, ya hallaka jirgin Kelvin, tarihi ya rabu biyu. A sabon reshen an ƙera Enterprise a Riverside ta jihar Iowa, ya tashi a 2258, tsawonsa ya haura mita 700, alhali na asali mita 289 ne, allon tagullar da ke ɗakin tuƙin na asalin kuma San Francisco ya ambata. Tunda reshe ne dabam, babu abin daidaitawa.

Strange New Worlds ya taɓa tsohon reshen kansa. Yaƙe-yaƙen da aka ce Khan ya yi a duniya an sa su tsakanin 1992 da 1996, shekarun suka zo suka wuce, har Voyager ya ziyarci Los Angeles ta 1996 bai tarar da yaƙi ba. Marubuci Greg Cox ya yi littattafai a 2001 da 2002 yana mai da su yaƙin ɓoye a bayan labaran duniya na gaske. A 2023 shirin ya nuna Khan yana yaro a Toronto cikin ƙarni na 21, wata 'yar leƙen asirin Romulan kuma ta ce masu kutse cikin zamani ne suka jinkirta abin da ya kamata ya faru a 1992. Dabara ce mai kyau ga marubuci, amma tana da tsada: in zamani yana zamewa haka, kowane saɓani ya sami uzuri tun kafin a bincika shi, tashin Botany Bay a 1996 ma ya rasa gindin zama.

Siffar jirgin ita ce ta rage a buɗe. “Relics”, da “Trials and Tribble-ations” na 1996, da “In a Mirror, Darkly” na 2005 duk sun sake gina jiragen zamanin Kirk yadda suke a 1966, da maɓallansu masu launi, a matsayin ainihin yadda abin yake. Discovery a 2018 ya kawo Enterprise na zamanin Pike da sabuwar ƙira ta John Eaves, tsawonsa wajen mita 440. Wasu suna cewa garambawul ne tsakanin Pike da Kirk, ko da yake garambawul ba ya rage jirgi da kashi ɗaya cikin uku. Wasu suna cewa jirgi ɗaya ne, kayan ɗaukar hoto ne suka sauya. A 2023, shekarar da Strange New Worlds ke nuna sabuwar ƙirar, zango na uku na shirin Picard ya nuna jirgin New Jersey a gidan adana jiragen rundunar Tarayya, da tsohuwar ƙirar Jefferies ba a taɓa ta ba, kuma shirye-shiryen biyu duk a reshe ɗaya kamfanin ya ajiye su.