Apollo 11 a kafafen yaɗa labarai

Apollo 11 a kafafen yaɗa labarai na nufin rahotanni, hotuna da shirye-shiryen da jaridu, mujallu, gidajen rediyo da na talabijin suka gabatar game da saukar ɗan Adam ta farko a duniyar wata, a watan Yulin 1969. An ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan 600, wato wajen kashi ɗaya cikin shida na al'ummar duniya a lokacin, ne suka kalli lamarin ta talabijin. Jaridu da faya-fayan wancan mako sun zama kayan tarihi, kuma su ne ginshiƙin kewar da mutane da dama, musamman a Amurka, suke yi wa zamanin tafiye-tafiyen Apollo.

## Asali

Tseren zuwa sararin samaniya wani fage ne na Yaƙin Cacar Baka. Tarayyar Soviet ce ta fara harba tauraron ɗan Adam, Sputnik 1, a ranar 4 ga Oktoba 1957, sannan Yuri Gagarin ya kewaya duniya a ranar 12 ga Afrilu 1961. A ranar 25 ga Mayun wannan shekara, Shugaba John F. Kennedy ya nemi majalisar dokokin Amurka ta amince da kai mutum duniyar wata a dawo da shi lafiya kafin ƙarshen shekarun 1960.

Saɓanin Soviet, wadda ba ta sanar da tafiya sai bayan an harba kumbo, hukumar NASA ta buɗe ƙofarta ga 'yan jarida. Tun a 1959 mujallar Life ta ƙulla yarjejeniya da 'yan sama jannatin shirin Mercury domin wallafa labarin rayuwarsu da ta iyalansu, abin da ya sa jama'a suka san su kamar taurarin fim. A shirye-shiryen Mercury da Gemini, waɗanda suka share fage ga Apollo, NASA ta yi amfani da tashoshin bibiyar kumbo a sassan duniya, ciki har da wadda ta kafa a Kano.

## Tafiyar

An harba Apollo 11 da rokar Saturn V daga jihar Florida a ranar 16 ga Yuli 1969, ɗauke da Neil Armstrong, Buzz Aldrin da Michael Collins. 'Yan jarida kusan 3,500 ne suka halarta, kashi biyu cikin uku daga Amurka, sauran daga ƙasashe fiye da 50. Ƙaramin kumbo mai suna Eagle ya sauka a ranar 20 ga Yuli da ƙarfe 20:17 agogon GMT. Armstrong ya taka ƙasar wata da ƙarfe 02:56 na ranar 21 ga Yuli, lokacin da ake ƙarfe 10:56 na dare a birnin New York. Shi da Aldrin sun yi kimanin sa'o'i biyu da rabi a waje, yayin da Collins yake kewaya wata shi kaɗai. Sun faɗo tekun Pasifik a ranar 24 ga Yuli da duwatsu da turɓaya kilo 21.5.

## Talabijin

Kyamarar da ta nuna takun farko, ƙirar kamfanin Westinghouse, baƙi-da-fari ce mai ɗaukar hoto 10 a daƙiƙa guda, tsarin da bai dace da na gidajen talabijin ba. Tashoshi uku ne suka karɓi saƙon: Goldstone a Kalifoniya, da Honeysuckle Creek da Parkes a Ostareliya. Domin sauya tsarin, sai aka riƙa nuna hoton a kan allo, wata kyamara tana sake ɗaukarsa. Wannan ne ya sa abin da ya isa gidajen mutane ya fito dishi-dishi, duk da cewa wanda ya iso tashoshin ya fi shi kyau. Hoton farko daga Goldstone ma a kife ya bayyana kafin a gyara.

A Amurka, tashoshin CBS, NBC da ABC sun kwana suna watsa shirin. Wanda aka fi tunawa shi ne Walter Cronkite na CBS, wanda ya cire tabarau ya rasa abin faɗa a daidai lokacin saukar, tsohon ɗan sama jannati Wally Schirra yana zaune kusa da shi. A Birtaniya, James Burke, Patrick Moore da Cliff Michelmore ne suka jagoranci shirin BBC har wayewar gari.

## Jaridu da mujallu

A ranar 21 ga Yuli, jaridar New York Times ta fito da kanun labari mai kalmomi huɗu, mai cewa mutane sun yi tafiya a kan wata, da haruffa mafi girma da ta taɓa amfani da su zuwa lokacin. John Noble Wilford ne ya rubuta babban rahoton, kuma an sa waƙar Archibald MacLeish a shafin farko. Kwanaki huɗu kafin nan, a ranar 17 ga Yuli, jaridar ta janye wani sharhi da ta yi a 1920, inda ta yi wa masanin roka Robert Goddard ba'a saboda ya ce roka za ta iya aiki a inda babu iska.

Hotunan da jaridun ranar suka buga daga allon talabijin aka ɗauke su, domin fim ɗin kyamarorin Hasselblad yana tare da 'yan sama jannatin. Sai bayan dawowarsu aka wanke shi, hotuna masu launi suka fito a mujallu irin su Life da Paris Match. Kusan duk fitattun hotunan na Aldrin ne, saboda kyamarar ta fi daɗewa a hannun Armstrong. Life ta kuma ɗauki marubuci Norman Mailer ya rubuta labarin tafiyar, National Geographic kuwa ta haɗa fitowarta ta Disamba 1969 da faifan garmaho na muryoyin tafiye-tafiyen sama.

## A sauran ƙasashe

Gidan talabijin na Soviet bai nuna wa jama'a saukar kai tsaye ba. A daidai lokacin, kumbon ƙasar marar matuƙi, Luna 15, yana kewaya wata, kuma ya faɗi ya tarwatse a ranar 21 ga Yuli. A Afirka ta Kudu, inda ba a fara talabijin ba sai 1976, ta rediyo aka bi labarin. Muryar Amurka ta watsa shi cikin harsuna da dama. Daga baya 'yan sama jannatin sun zaga ƙasashe fiye da 20, ciki har da ziyarar birnin Kinshasa a watan Oktoba, sannan gwamnatin Amurka ta raba wa ƙasashen duniya ƙananan ɓarɓashin dutsen wata a matsayin kyauta.

## Suka da dushewar sha'awa

Ba kowa ne ya yi murna ba. Kwana ɗaya kafin harba kumbon, Ralph Abernathy, magajin Martin Luther King, ya jagoranci iyalai matalauta da amalanken alfadarai zuwa wurin, inda ya gana da shugaban NASA Thomas Paine, yana ƙorafin kashe maƙudan kuɗi a sama alhali akwai masu kwana da yunwa. Shirin Apollo ya ci dala biliyan 25.4. Masanin tarihi Roger Launius ya nuna cewa a ƙuri'un jin ra'ayin jama'a na shekarun 1960, yawancin Amurkawa ba su ga kwalliya ta biya kuɗin sabulu ba, in ban da lokacin saukar Apollo 11, sa'ad da kashi 53 cikin 100 suka ce shirin ya cancanci abin da aka kashe.

Sha'awar ba ta daɗe ba. A tafiyar Apollo 12, a Nuwamba 1969, kyamara mai launi ta lalace bayan Alan Bean ya fuskantar da ita ga rana bisa kuskure. A Afrilu 1970, manyan tashoshin Amurka ba su nuna shirin da ma'aikatan Apollo 13 suka aiko daga cikin kumbo kai tsaye ba, sai da tankin iskar oksijin ya fashe hankalin duniya ya dawo kansu. An soke tafiye-tafiye uku na ƙarshe, aka rufe da Apollo 17 a Disamba 1972. Jimilla an sauka sau shida, mutum 12 suka taka wata.

## Kewa da adana tarihi

Wani ɓangare na tarihin ya salwanta. A 2009 NASA ta bayyana cewa ga dukkan alamu an goge faya-fayan da suka ɗauki hoton asali daga wata, aka sake amfani da su. Sai aka tattara kwafin da ya rage a wurare daban-daban, kamfanin Lowry Digital ya gyara shi. BBC ma ba ta ajiye mafi yawan shirinta na wancan dare ba. Jaridun 21 ga Yuli kuwa iyalai da yawa sun adana su, shi ya sa ba su da wuyar samu, sai dai takardarsu tana yin ja tana kakkaryewa idan ta tsufa.

A 2015 an ɗora hotunan Apollo fiye da 8,000 a shafin Flickr, kuma a wannan shekarar jama'a suka tara sama da dala 700,000 ta Kickstarter domin gyara rigar da Armstrong ya sa, wadda cibiyar Smithsonian ta sake nunawa a 2019. A bikin cika shekara 50, an haska hoton rokar Saturn V a jikin hasumiyar tunawa da Washington, an mayar da ɗakin sarrafa tafiyar da ke Houston yadda yake a 1969, kuma Todd Douglas Miller ya fitar da fim ɗin *Apollo 11* daga tsofaffin faya-fayan da ke ma'ajiyar tarihi ta ƙasa. A ranar 20 ga Yuli 2019, Sotheby's ya yi gwanjon faya-fayan bidiyo uku na saukar a kan dala miliyan 1.82.

Masana tarihi suna jan hankali cewa kewar takan nuna Amurka mai kai ɗaya, alhali shekarar 1969 shekara ce ta yaƙin Vietnam da rikicin launin fata. Tsofaffin hotunan kuma su ne masu musun saukar suke kafa hujja da su tun bayan littafin Bill Kaysing na 1976, duk da cewa daga 2009 kumbon Lunar Reconnaissance Orbiter ya ɗauko hotunan wuraren saukar, inda ake ganin ragowar kumbunan, a wasu ma har da sawun da 'yan sama jannatin suka bari.